Teburin Rairayi

Shekarar da kogi ya ƙafe har ana ƙetare shi da ƙafa, Zeinabu da yayanta Doktor Mahamadou suka je Goudel da amalanke suka ɗebo rairayi. Suka cika wani babban akwatin katako a ɗakin binciken jami'a, suka ɗora shi bisa tsofaffin robobin cikin taya masu iska kaɗan. Cikin rairayin suka kafa madubai da na'urar lazer. Jan hasken ya rabu biyu, ya sake haɗuwa, sai ga zobban haske da duhu a jikin bango. Girgiza kaɗan takan share su, amma robobin na shanye ta. Ko manyan motocin agaji sun wuce, zobban na nan daram.

Ba a daɗe ba soji suka tafi da Mahamadou. An kai musu labarin ya ce dawar agaji na ƙarewa a gidajen manya. Sau ɗaya ya faɗi maganar, wajen shan shayi, daga Zeinabu sai Tanimu mataimakinsa.

Tanimu ya karɓi makullin ɗakin binciken. Aka ce wani kumandan zai zo ganin aikin. In ya yaba, za a naɗa Tanimu shef, wato shugaban sashen, ya kai binciken Faransa da sunansa. Gwanin lissafi ne a allo, amma bai taɓa daidaita madubi da hannunsa ba.

"Ƙanwata, dubi wannan ƙazanta," ya ce, yana shurin roba. "Kumandan ya shigo ya ɗauka wurin mai faci ne? A cire, a gina ƙafafu na siminti, a shafa farin fenti. Siminti ai ba ya motsi, ko?"

Zeinabu ta sunkuyar da kai yadda ta saba, ta kira shi yadda ake kiran malamai da Faransanci. "Ba ya motsi, Mushe."

Ita ta samo magini daga Banifandou, ta tsaya a kansa sai da ya haɗa ƙafafun da daɓen ƙasa gam. Ita kuma ta zaɓi safiyar Lahadi don gwaji, lokacin da titi ba kowa. Zobban suka fito sarai.

"Kin gani? Yayanki dama son wahala gare shi."

"Haka ne, Mushe."

Ranar ziyara ta tari direbobin soji a bakin ƙofa. Ta lura tun tuni ba sa kashe inji in suna jiran manya.

"Fofo, sannunku da rana. Ga inuwa can jikin bango, ku matsa sosai."

Suka yi godiya, suka jera motocin a bayan ɗakin.

Tanimu, cikin sabon kwat, ya yi dogon bayani kan ƙwayoyin haske, sannan ya rufe taga ya kunna na'ura. Jan tabo ne kawai a bango, yana rawa, rugugin injinan na biyo daɓe da siminti har cikin rairayin. Ya murɗa madubi, ya murɗa wani, har hasken ya koma kan silin.

"Ina zobban?" in ji kumandan.

"Yanzu, mon kumandan. Zeinabu, zo ki duba mana!"

"Ni ɗaliba ce, Mushe. Aikinka ne, kai ka san shi."

Kumandan ya dubi agogo, ya dubi faɗin ɗakin. "Mutane na mutuwa da yunwa, ku kuna haska bango. Wurin nan zai ci buhu da yawa. A kwashe tarkacen kafin Juma'a."

Da suka fita, Tanimu ya juyo, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Kin sani."

"Na sani."

"Aikin yayanki kika kashe, shashasha! Da naki karatun!"

Karo na farko ta dube shi ido cikin ido.

"In Allah ya fito da shi, ni zan gaya masa da bakina. Kai kuma ka je ka nemi wani abin da za ka kai Faransa."