Fayil Ɗin da Yaya Ya Bari

Ranar Asabar asibitin ido ba ya aiki, shi ya sa likita ta ce in zo ranar. Maigadi ya buɗe min ɗan ɗakin da ke bayan ofis, ya koma bakin ƙofa wurin rediyonsa. Ɗakin na nan yadda na san shi: teburi, kujeru biyu, fanka mai ƙugi, wayoyi a ɗaure tsaf da roba. Ɗaurin Yayana ne. Shi ya haɗa wa asibitin rumbun bayanan marasa lafiya, shi kuma ya koya min aikin nan, da faɗa da tsokana. Bai daɗe da rasuwa ba. Yana kwance jinya tsohuwar sabar, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan, ta ƙone.

Likita ba ta ɓoye min komai ba. "Ƙanwata, ba raina ki na yi ba," in ji ta a waya. "Amma in Litinin ta yi abin nan bai tashi ba, wani kamfani zai zo ya share komai ya sa nasa. Marasa lafiya ba za su jira mu ba."

Aikin Yaya za a share ke nan. Na ce to, amma raina ya ɓaci.

Na ɗora manhajar rumbun a sabuwar sabar ba tare da gardama ba. Na kwashe bayanan daga faifan tsohuwar, wanda Allah ya sa wutar ba ta kai gare shi ba. Sai na ba ta umarnin tashi. Ta yi kamar za ta miƙe, ta koma ta kwanta. Na sake, ta sake.

"Ke kuma da wa kike fushi?" na ce mata.

Na duba ko wuri ne ya cika, akwai wuri. Na duba ko izinin buɗe fayilolin ne ba ta da shi, tana da shi. Ban ankara ba sai ga waya a hannuna, na lalubo lambar Yaya. Na kife ta a kan teburi. Kaɗaici ya kama ni sosai a ɗakin nan, har ƙugin fankar ya fara ba ni haushi.

Da yana nan, cewa zai yi, "Sarkin gaggawa, karanta abin da ta ce tukuna." Na buɗe inda take rubuta ƙorafinta, na karanta a hankali. Cewa ta yi akwai wani da ke aiki a kan bayanan nan, ita ba za ta shiga ba.

Nan na gane. Duk lokacin da aka tayar da rumbun, yakan ajiye wani ɗan fayil, alamar cewa akwai mai aiki a ciki, kada wani ya shigo. In an kashe shi yadda ya kamata, sai ya ɗauke alamarsa. Tsohuwar sabar ba kashe ta aka yi ba, ƙonewa ta yi tana cikin aiki. Ni kuwa na kwaso alamar tare da kayan.

Na nemo fayil ɗin. Sunan Yaya ne a jikinsa, da kwanan watan safiyar da ya zo nan zuwan ƙarshe, yana tari yana cewa mura ce.

Gyaran ba shi da wuya, gogewa ne kawai. Amma Yaya ya hana ni goge irin wannan sai na tabbatar da gaske babu kowa a ciki. Na bincika. Na sake bincikawa, ko da yake na san amsar. Babu kowa.

Na daɗe zaune, hannuna a kan madannai. A duk duniya, ɗan fayil ɗin nan ne kaɗai ya rage yana cewa Yaya na bakin aiki. In na bar shi, Litinin su share shi da duk abin da ya gina.

Na goge. Na ba da umarni, rumbun ya tashi, sunayen marasa lafiya suka jeru kamar ba abin da ya faru.

"Ya tashi," na ce, na juya wajen ɗaya kujerar.

Da na dawo da idona kan allon, har rumbun ya ajiye sabuwar alama. Kwanan watan yau ne a jiki, da sunana.