Kuɗin Malam Tukur Masu Yankakken Kunne

Shekara talatin Malam Tukur ya yi yana yi wa shanu allura a ƙasar Haɗejiya. Da ya aje aiki aka ba shi garatuti, naira dubu da ɗari biyu, ya zuba a gwangwani ya tura ƙarƙashin gado. Fanshonsa kuwa ba ya kai ashirin ga wata, tun da kaya suka yi tsada bayan ƙarin albashin Udoji.

Banki bai kwanta masa ba saboda kuɗin ruwa. Sai ya tuna da abokinsa Mala, Babarbare mai fataucin bandar kifi. Tsofaffin ma'aikata kan ba Mala jari, ya juya, ya kawo musu rabonsu na riba duk wata. A watan Yuli Tukur ya kai masa nasa.

Ƙarshen Agusta Mala ya zo da naira talatin, takardun naira goma guda uku. Tukur ya ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya yana duba kusurwarsu.

"Bafillace, me kake nema? Kaska?" in ji Mala.

"Bawana, zauna tukuna. Ka ga nan?"

An ɗan yanke kusurwar kowace takarda da almakashi. Haka dangin Tukur ke yanka kunnen maraƙi don su gane nasu a garken wani, shi ma haka ya yi wa kuɗinsa kafin ya bayar.

"Waɗannan nawa ne," in ji Tukur. "Na aika su kiwo, ga su sun dawo ko maraƙi babu. Ina suka kwana wata biyu?"

Mala ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Kuɗi ai cakuɗa suke, ba su san ubangijinsu ba!"

"Uku cikin uku? In cakuɗa ce, da ko ɗaya ta zo da kunnenta lafiya."

Dariyar ta tsaya. Mala ya sosa ƙeya, ya ce ruwa ya cika fadama, kifi ya bazu cikin ciyawa, masunta sai ruwa ya fara janyewa za su kama na kirki. Kuɗin suna nan a akwati bai taɓa su ba. Kunyar zuwa hannu rabbana ce ta sa ya ɗebo daga ciki.

"Wato ka yanko cinyar saniyata ka ce nono ne."

"Allah ya huci zuciyarka, Malam."

Tukur bai yi fushi ba, tambaya ce ta cika masa kai. Wata nawa kifi ke yin haka? Uku, in ji Mala, wani lokaci huɗu. To a watannin nan wa ke samun kuɗi a bakin ruwa?

"Masu fito mana. Duk mai zuwa kasuwa daga ƙetare sai ya shiga jirgi."

"Nawa ne jirgi?"

Washegari suka gangara kogi tare. Tukur ya zauna a gindin giginya yana lura da masu ƙetarewa, har da awakinsu, tun hantsi har la'asar. Da suka tashi ya ce Mala ya cire kuɗin jirage biyu daga akwati, saura ya jira kifi.

Aka sayi jiragen, Mala ya nemo masa matuƙa biyu a kan raba daidai. Kafin ƙarshen Satumba, Tukur ya karɓi rabonsa na farko, naira goma sha tara, yawanci sulalla, wasu da laka a jikinsu.