Takardar da Aka Rubuta a Kan Wiebe

Renske ba ta gama jingine kekenta ba ta ji muryar Wiebe ta bayan shinge.

"Malama, an dawo daga koyon koyarwa?"

Tsohon maƙwabcin nata yana zaune a ƙofar gida cikin bargo, da robar iska a hanci. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

"An dawo, Malam."

"Me suka ce muku?"

Ta tsaya wasa da makullin keke. Wuni guda wani matashi mai tsadadden takalmi ya kwashe yana gaya wa malaman lissafi su daina nuna wa yara hanya. A ba su tambaya guda, a bar su su yi ta fama, su ɓata, su dawo. Kowa ya tafa. Abin da Wiebe yake yi ke nan shekara goma sha tara da suka wuce, har iyaye suka ce ba ya koyar da komai, malamai suka haɗu suka rubuta takarda, aka raba shi da aji. Sunan Renske ne na uku a jikinta.

"Wai sabon salo ne," ta ce.

"Sabo fil, ko?" Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta.

Ban haƙurin yana bakinta. To amma wa ke ba da haƙurin shekara goma sha tara a tsaye, da jaka a kafaɗa? Ta zaro littafin alƙawuranta.

"Ina so mu zauna mu yi magana. Makon nan ya cika. Alhamis ta sama, ƙarfe huɗu?"

"Rubuta. Ni ina za ni?"

Ranar Talata ya rasu, saura kwana biyu, tana aji.

A wajen jana'iza shugaban makaranta ya ce marigayin ya riga zamaninsa. Sunan shugaban ne na farko a waccan takarda. Aka sha kofi, aka watse. Renske ta tsani shugaban, ta fi tsanar kanta.

Bayan mako biyu ta tarar da Hilde, 'yar Wiebe, tana jera kwalaye a bakin titi don motar shara mai kwasar tsofaffin takardu.

"Baba ya ce kina da magana da shi. Mece ce?"

"Ba komai. Maganar aiki ce."

Hilde ta koma ciki. Kwalin sama a buɗe yake, littattafan ɗaliban Wiebe ne, shafi bayan shafi na lissafin da aka soke aka sake. Yayyafi ya fara sauka, tawadar tana narkewa a hankali.