Turke Na Uku

Ubale mutum ne mai son a ce ya sani. Shekara ashirin ya yi a Kudu yana tuƙa tifa, gida sai jefi-jefi, ko rasuwar mahaifiyarsa bai samu zuwa ba sai bayan sadakar arba'in. Da ya dawo ƙasar Gagarawa da zama, sai ya ƙyalla ido a kan farar ƙasar da ke kufan garinsu, wadda mata ke ɗiba suna shafe ɗaki. Ya ce ai arziki ne kwance, ya tafi neman lasisin haƙa.

Aka ce masa ba haka ake yi ba. Sai an auna wurin an zana taswira, an kafa turken siminti a kowace kusurwa, masu gadon wurin sun dangwala hannu, sannan dagaci ya buga hatimi.

Ranar awo Malam Habibullah mai safiyo ya zo daga Gumel da na'urarsa. Ya ce a kira dattijo ya nuna iyaka.

"Malam, a nan aka binne cibiyata," in ji Ubale. "Wane dattijo zai nuna mini gidanmu?"

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, to Ubale bai taɓa zama matambayi ba. Ya shige gaba yana nuni da baki da hannu. Mai safiyo ya karanto masa takarda: akwai rijiya a ciki? Burtali? Kabari? Ubale ya ce babu ko ɗaya, ya sa hannu. Ramin turke na uku ma shi ya haƙa da kansa a gindin wata aduwa, ya ture wasu fasassun tukwane da ƙafa, har yana yaba laushin ƙasar wurin.

Bayan mako biyu taswira ta fito, aka taru da hantsi domin shaida. Ga dagaci, ga dattawa, ga Inna Husainatu, ƙanwar mahaifiyarsa, domin tana da gado a kufan. Ubale ya sha babbar riga da sabon takalmi. Aka wuce turke na ɗaya da na biyu lafiya.

Da aka doshi aduwar, Inna ta tsaya ta cire takalminta. Dattawan ma suka cire nasu ɗaya bayan ɗaya, suna motsa leɓe. Ubale ya waiga, ya ga shi kaɗai ne da takalmi a ƙafa.

"Ubale, wa ya kafa wannan?"

"Ni ne, Inna."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Yayata ce kwance a nan. Uwarka."

Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Wancan zuwan da ya yi bayan rasuwarta kwana biyu kawai ya yi, bai ce a kai shi kabarin ba. Daga baya kuma nauyin tambaya ya hana shi, kowa yana zaton ya sani. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Mai safiyo ya matso ya yi ƙasa da murya. Ya ce in aka gusa da turken ko da taku ɗaya ne, taswirar ta tashi aiki, sai a koma farko, kuma jijiyar farar ƙasar duk a wannan kusurwa take.

Dagaci ya juya hatimi a hannunsa.

"Takardarka ta ce babu kowa a nan," ya ce. "Kai ne ɗanta, sai ka faɗa mana."

Ubale ya matsa gindin aduwar. Ya sunkuya ya kwance takalmin, ya durƙusa, ya rungumi turken yana girgiza shi da ƙarfi don ya tumɓuke.

"A hankali," in ji Inna Husainatu. "Wajen kanta ne."