Akwatin da na buɗe a rana

Da Teta Ihsan, kakata, ta yanke shawarar komawa gidan 'yarta, sai ta ce kyamarar mahaifinta ba za ta bi ta ba. A kai ta gwanjo a Attarin, kasuwar tsofaffin kaya. Tsohuwar kyamarar fim ce ta katako, mai hannun juyawa, wadda ya yi aiki da ita a Iskandariya tun fim bai fara magana ba. Ni aka ɗora wa kaiwa, tunda ni ne marar aikin yi a gidan.

Na so in burge. Ranar Laraba da hantsi na hau da ita saman bene, na goge tagullarta har ta ɗauki ido. A samanta akwai ƙaramin akwati baƙi. Na sa wuƙa na ɓalle shi. Zaren fim ne a ciki, a naɗe. Na warware kamar kamu biyu, na ɗaga wa rana, ban ga komai ba. Na mayar na rufe.

Washegari ina ɗaure ta cikin bargo Teta ta dafa akwatin. Ta ce in gaya wa Ustaz Fakhri, mai sa wa kayan gwanjo kuɗi, kada ya sayar da wannan. A ciki mahaifinta ya ɗauki mahaifiyarta a bakin teku, tana goye da ita, wata guda kafin zazzaɓi ya kashe ta. Bai taɓa iya wanke fim ɗin ba, ita ma shekara saba'in tana jin tsoro. Ba ta san fuskar uwarta ba.

"A ɗakin duhu za a buɗe, Shadi. Baba ya ce haske kaɗan ya isa ya cinye shi."

Na ce to.

Ustaz Fakhri ya daɗe yana zagaya kyamarar da tabarau a kan hanci. Ya karanta lambarta, ya juya hannun, ya saurari ƙararta. Ya ce irinta ba su fi a ƙirga da yatsu ba a ƙasar nan. Sannan ya shinshina tagullar, ya tambaye ni wane ɗan albarka ne ya yi mata wankan amarya. Masu tara irin waɗannan, in ji shi, dattin shekarun suke saya, kuma na goge kusan rabin kuɗinta da tsumma.

Wannan bai dame ni ba. Na isar da saƙon Teta. Ya shafa bakin akwatin, yatsansa ya tsaya a kan sabon sawun wuƙa. Ya cire tabaraun.

"A ina ka buɗe?"

"A saman bene."

Na tambaye shi ko da ma wani abu zai fito bayan shekarun nan. Ya ce ba ya rantsuwa, amma ya taɓa ganin wanda ya girmi wannan ya ba da inuwar fuska. Duk da haka ya aika a wanke. Bayan kwana tara fim ya dawo baƙi ƙirin daga farko har ƙarshe. Ya miƙo mini, ya ce in na ce tsufa ne ya cinye shi, ba wanda zai ƙaryata ni, shi ma ba zai yi ba.

An sayar da kyamarar ga wani ɗan Beirut da ya yi tayi ta waya. Ban tsaya ganin ƙarshen gwanjon ba.

Da na koma gida da fim ɗin, na tarar Teta ta yi miyar lalo da zomo, ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa, kamar mai jiran baƙuwa. Tun a matakala na shirya gaskiya a bakina. Da ta ɗago ta dube ni, sai na ji kaina ina cewa tsufa ne.

Ta karɓi zaren, ta ɗaga shi wajen taga, ta bi shi a hankali har ƙarshe. Sannan ta naɗe shi a kan cinyarta.

"Laifina ne, ɗan nan. Ni na yi ta jira."

Ta zuba mini miya, ta ƙara mini cinyar zomo, ta ce ladan wahalar gugar kyamara da na sha ne. Na cinye duka, tana kallona.