Motar Yaya a Tafin Hannu

Shekara saba'in da ɗoriya Yaya ya yi a duniya bai taɓa barin mutum ya wuce ta gabansa salin alin ba. Mai gyaran famfo ya sha zagi, mai aski ya sha, likitan da ya duba masa ido ma sai da aka gaya masa cewa shi ya fi buƙatar a duba shi. Amma wanda ya fi kowa ɗanɗana bakin nan shi ne ƙaninsa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa wa jama'a haƙoran roba. Yaya ne ya laƙaba masa suna Dasashi, sunan kuwa ya bi shi har jikokinsa ba su san yana da wani ba.

Sai ciwo ya kayar da Yaya, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, 'yarsa Auta ta ɗauko shi ta kwantar a ɗakin da ke kusa da nata, gado a jikin taga, rediyo a gefen filo. Likita ya rantse harshen Yaya lafiyarsa ƙalau, babu abin da ya hana shi magana. Yaya dai ya ja bakinsa ya tsuke, ya juya fuska bango.

Babu dabarar da Auta ba ta yi ba. Ta zuba masa gishiri a shayi da gangan, ya shanye bai ce uffan ba. Ta zaunar da mijinta, wanda Yaya bai taɓa kira da wani suna ba sai "mai kunnen nan", ya yi ta zuba bayanin siyasa a gaban gadon. Ko tsaki Yaya bai yi ba.

Da an gaya wa Dasashi a baya cewa wata rana zai zauna kusa da Yaya har shayi ya huce ba a ce masa sakarai ba, da ya yi murna har da rawa. Ga shi ranar ta zo, tsoro ne ya kama shi. Ya san ɗan'uwansa. Idan Yaya ya daina zagi, to ya fara naɗe tabarmarsa ke nan.

A hanyarsa ta komawa gida ne ya gan ta, a tagar wani kantin kayan wasa: kwali mai hoton mota koriya shar, ƙofa biyu, kujera biyu, sama a buɗe, doguwar bonet, murfin inji, kamar ba za ta ƙare ba. Irin motar Yaya ce sak, wadda ya saya hannu na biyu yana saurayi, ya hana unguwa barci da ita, ya kuma ci gaba da ba da labarinta har bayan ta zama gidan kaji. Mai kantin ya ce ba abin wasan yara ba ce, gutsattsarin roba ne a ciki, mutum zai haɗa da kansa ya yi fenti, an rage girman ta gaske sau ashirin da huɗu. Dasashi ya ce a naɗe masa.

Matarsa ta buɗe kwalin, ta leƙa, ta ce dama ta san tsufa zai zo masa da wani abu, amma ta zaci mantuwa ce ko ciwon gwiwa. Bai kula ta ba. Ya share teburin ɗakin baya, ya zazzage tsohuwar jakar aikinsa: hantsaki, ɗan injin goge haƙori, ƙaramin madubin leƙa baki, da tabarau mai ƙara girman abu wanda ke mayar da idanunsa kamar na kwaɗo.

Maganar gaskiya, hannun mutumin nan ya iya aiki. Wanda ya saba daidaita haƙori talatin da biyu a bakin tsohuwa mai ƙorafi, roba ba za ta gagare shi ba. Ya yanke kowane gutsure da reza, ya goge bakinsa da samfefa har sai yatsa ya daina jin kaushi. Inda gangar jikin motar ta ƙi haɗuwa, ya cike da hodar nan mai ruwan hoda da yake yin dasashi da ita. Injin bai fi ɗan yatsa ba, amma sai da ya huda shi ya zura wayoyin filogi da silin wayar tsohuwar rediyo. Sitiyari ya sha fenti kalar katako, kujeru suka sha baƙi, har allurar agogon gudu ya ɗiga mata ja da bakin tsinke.

Sau ɗaya ya kwafsa. Gam ya yi masa yawa a gilashin gaba, gilashin ya yi hazo fari fat. Ya zauna ya zagi kansa da irin kalmomin Yaya, tunda mai su ya tafi hutu, sannan ya ɗauko man goge haƙori da auduga ya yi ta murzawa har gilashin ya dawo garau. Fentin jiki kuwa shafi bisa shafi ya yi, yana rufe motar da kwano don kada ƙura ta sauka. Matarsa ta nemi kwanon ta rasa, da ta gano inda yake sai ta ce ita ko lokacin da take amarya ba a lulluɓe ta haka ba.

Ranar da ya gama, mota ta fito tana walƙiya har mutum na ganin hancinsa a ƙofarta. Ya sa ta a kwalin takalmi, ya kewaye da auduga, ya kai gidan Auta yana tafe kamar mai ɗauke da ƙwai. A zuciyarsa ya riga ya tsara yadda za a yi: Yaya zai gani, idonsa ya ciko, ya kama hannunsa, ƙila ma a karon farko ya kira shi da sunan da iyayensu suka raɗa masa.

Ya ɗora ta a kan bargo, daidai ƙirjin Yaya. Auta na tsaye bakin ƙofa, mai kunnen nan na leƙe ta bayanta. Yaya ya daɗe yana kallon motar. Ya sa hannunsa mai lafiya ya juya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya buɗe bonet da farce. Sai leɓensa ya motsa, murya ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

"Wane jakin ne ya yi wannan?"

Auta ta toshe baki da mayafi ta fashe da kuka. Dasashi ya ce shi ne, Yaya.

"Na sani. Wannan ai motar wani ɗan gayu ce. Tawa ba haka take ba."

Daga nan bakin ya buɗe, sai ka ce an fasa bututun ruwa. Maganar tana fita a karkace, amma babu kalmar da ta ɓace a hanya. Yaushe motarsa ta taɓa yin wannan ƙyalli? Ƙofar hagu ai ruwan toka ce, domin mai gyaran jikin mota ya shafa fentin ƙasa ya gudu da sauran aikin. Ba ta ma rufuwa, da igiya ake ɗaure ta. Fitilar dama a fashe take tun ranar da ya gwada ta da katangar makaranta. Mutum ya yi shekaru yana bin mota amma bai san kamanninta ba, to me idanunsa ke yi, ado? Ya ƙare da cewa a kwashe wannan abin kunya daga kan cikinsa, kuma a kawo masa shayi wanda ba mahaukaci ne ya haɗa ba.

Dasashi ya koma gida ransa biyu. Daɗi ya ji har cikin ƙashinsa, haushi kuma kamar ya haɗiye zuciya. Fentin da ya yi ta lallaɓawa kamar jariri, shi ake so ya ɓata da hannunsa. Ya zauna gaban motar ya zabga tagumi, matarsa ta ce idan makoki ake yi a gaya mata ta sanar da dangi. Sannan ya ɗauki samfefa, ya rufe ido ɗaya, ya kankare ƙofar hagu.

Ashe ɓata abu da kyau ya fi gyara shi wuya. Ya shafa wa ƙofar ruwan toka, ya murɗa zaren ɗinki ya yi igiya, ya ɗaure da irin ƙullin da Yaya ke yi. Ya tsaga fitilar dama da bakin allura. Ya mayar da ita. Yaya ya duba ya ce ƙullin ya yi, amma wane maƙaryacin ne ya ce masa kujerar direba lafiyayya ce? Ai soso a waje yake. Dasashi ya dawo gida ya yage kujera da reza, ya cusa auduga, ya rina ta da ruwan shayi.

Haka aka shiga kai da kawo. Bamba ta lanƙwashe da cokali mai zafi. Salansa ta yi tsatsa da jan fenti da garin ganyen shayi, aka rataye ta da waya. Ƙasan injin ya jiƙe da baƙin mai. Kowace ziyara Yaya sai ya wanke shi tas, tun daga kan motar har zuwa tsayin wandonsa. Ya fara tashi zaune da kansa don ya ji daɗin nuna kuskure. Ya fara cin abinci, domin zagi na son ƙarfi. Wata rana ma aka ga hannun hagun, wanda mai gasa masa jiki ya yi ta fama da shi a banza, ya ɗago ya tokare motar don kada ta zame.

Auta ta raka Dasashi bakin matakala ta ce, "Baffa, don Allah kada ka gama motar nan."

Bai buƙaci a gaya masa ba. Ya riga ya fara ha'inci. Idan Yaya ya lissafa gyara uku, sai ya yi biyu, ko ya sa tsatsa a gefen da ba nan take ba, ya zo ya tsaya da fuskar marar laifi a sauke masa kwandon zagi. Mutumin da bai taɓa barin haƙori ɗaya ya fita daga shagonsa a karkace ba, ga shi yana karkata abu da gangan yana kuma alfahari.

Wata ziyarar Yaya ya juya bayan motar ya tsura wa murfin but, wurin zuba kaya, ido. Ya ce akwai lotsawa biyu a nan, gefe da gefe, inda wani ragon yaro ke dafawa yana turi kullum da safe, yana haki kamar tsohon kare. Dasashi ya ce ai da an taɓa barin yaron ya shiga ciki ko sau ɗaya, da bai lotsa ta ba. Yaya ya ce kujera biyu ce, kuma ba a sayi motar don ɗaukar ƙanne ba. Da Dasashi ya koma gida ya ɗumama bayan hantsaki a wutar kyandir ya danna wa but ɗin sau biyu. Wannan karon bai yi ha'inci ba.

Sai dai kuskure ma yana ƙarewa. Mota guda ce, kuma ba ta fi tafin hannu ba. Ranar da ya kawo ta da lotsawar nan, ta zama abin tausayi: kore ya koɗe, ƙofa a ɗaure, ido ɗaya, soso a waje. Ko a bola aka gan ta ba mai sunkuyawa. Yaya ya karɓa da hannu biyu. Ya juya gaba, ya juya baya, ya shafa but da babban yatsa. Dasashi ya gyara tsayuwa yana jiran rabonsa.

Yaya ya ɗago ido ya dube shi.

"Ita ce," in ji Yaya, a hankali. "Ka iya, ƙanena."

Ya ɗora ta a kan ƙirjinsa, ya lumshe ido, ya fara juya fuska wajen bango.

Duk tsawon rayuwarsa Dasashi yana jiran wannan kalma, da ta zo kuwa sai ya ji ta kamar bankwana. Bai so ta ba, ko kaɗan bai so ta ba. Ya miƙa hannu kamar zai gyara wa motar zama, ya sa babban yatsa a tayar gaba, ya danna. Ƙas! Taya ta ɓalle, ta gangara kan bargo, ta faɗa ƙasa, ta shige ƙarƙashin gado.

Yaya ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan.

"Kai dai an yi asararre. Abu ɗaya ka taɓa yi daidai a duniya, shi ma sai da ka karya. Tsaya kallona kake? Shiga ka ɗauko."

Dasashi ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya cusa kai ƙarƙashin gadon. Tayar na nan kusa da hancinsa, jikin silifa. Ya rufe ta da tafin hannu, ya kwanta a wurin hawaye na bin kumatunsa, zagi na sauko masa daga sama ba ƙaƙƙautawa.

"Ban gan ta ba tukuna, Yaya," ya ce.