Tekun da Aka Shanya a Igiya

Gaggawa ce laifin da ke cikin wannan labari, kuma Narcis, mai fentin jiragen kamun kifi a garinmu, shi ya aikata ta.

A zauren masunta akwai zanen marigayi Quirze. Bakin tekunmu ne sak: duwatsu, fararen gidaje, itatuwan zaitun. Amma teku ba ya wurinsa. An ɗauke shi an shanya a igiya kamar zanin gado, yana ɗiga, jiragen kuwa suna zaune a kan busasshen yashi. Na shekara hamsin ina ɗinkin koma a ƙarƙashin zanen nan, har yau in na daɗe ina kallo sai in ji ɗigon ruwa a ƙeyata.

Bangon da ke fuskantarsa babu komai. Masunta suka ce wanda ya zana irinsa kafin bikin jirage, bangon nasa ne. Saura kwana sittin, Narcis ya ɗauko ragowar ƙyallen iska na jirgin mahaifinsa, guda ɗaya tak, don ya yi zanen a kansa, ya nufi goggonsa Remei, matar marigayin, wadda ta tsufa tana haɗa wa mijinta fenti.

"Goggo, me Kawu ya sha kafin ya zana wannan?"

"Ruwa, ja'iri. Zauna ka kalla. In ka yi abin kirki, akwatin burushinsa naka ne."

Ya yi mako yana kallon zanen Quirze. Wata safiya hasken taga ya kwanto a gicciye, sai ya ga tudun igiyoyin ruwa a ƙarƙashin yashin zanen, kamar suna numfashi.

"Goggo, ai akwai teku a ƙasa!"

"Sai yau idon ya buɗe? Garin ya fara zanawa yadda yake, kowane dutse a mazauninsa. Ya jira kwana arba'in fentin mai ya bushe har ciki. Sannan ya ɗauke abu ɗaya."

Narcis ya zana bakin teku cikin mako guda, kuma wallahi ya yi kyau. Sai jira. Amma kansa ya cika da mafarkai, ya ga kwana shida da za su rage ba za su ishe shi ba. A rana ta goma sha biyu ta jiran ya taɓa da yatsa, bai ji danshi ba.

"Ya bushe, Goggo. Fentin jirgi kwana biyu yake."

"To, jirgi kake zanawa? Saman ne ya bushe, ɗan nan. Cikin ɗanye ne."

"Ke dai tsufa ya koya miki zama."

Ta ɗauki burodinta da tumatir ta fita.

Ya tsinka fenti ya hau aiki. Kifaye suka nuna a rassan zaitun kamar 'ya'yan itace. Matakala ta fito daga rijiya ta shige cikin gajimare. Gidaje suka saki ƙasa suna lilo, inuwarsu na biye da su a hankali. Da aka rataye zanen a bangon, mu tsofaffi muka taru muna kallo. Ni kaina na ji ƙafafuna sun yi sakayau.

Sai iskar arewa ta taso, busasshiya, kwana uku. Fentin sama ya ƙame, na ƙasa yana motsi. Safiyar biki muka buɗe zaure muka tarar zanen ya tsattsage kamar ƙasan tafki da rani. Kifaye sun ɓare sun zubo a daɓe, matakalar ta karye a tsakiya, tsohon tekun yana leƙowa ta kowace tsaga.

Remei ta duƙa ta tsinci rabin kifi. "Wannan kam ya nuna har ya faɗo," in ji ta.

Ga abin da Narcis ya rasa. Bangon, wanda har yau babu komai a kansa. Ƙyallen jirgin mahaifinsa, wanda babu na biyunsa. Da akwatin burushin Quirze, wanda Remei ta mayar ƙarƙashin gadonta.